Filin Mata: In Kin Ji Mota Tana Ƙas-ƙas

Yau zancenmu ya bar madafa ya koma wajen mota, kada kuwa wata ta ce ina ruwan mace da inji.

Wata maƙwabciyata ce ta ba ni labari. Sun tashi daga Zariya za su Funtuwa biki, ita da maigidanta da yara uku. Tun ba su fita gari ba ta ji wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar agogo. Ta faɗa masa, ya ce, "Ke dai, kullum haka take." Sun wuce Giwa kaɗan inji ya buga, ga magariba ta yi. Ashe baƙin mai ne ya tsiyaye. Kuɗin da aka ajiye don makarantar yara, su suka tafi wajen gyara.

To, 'yar'uwa, kunnen da ke bambanta kukan yunwa da na ciwo wajen jariri ba zai kasa wannan ba. Ga yadda za ki bi.

Da fari, ki lura ko ƙarar tana bin gudun mota ne, ko gudun inji. In mota tana tsaye, inji yana aiki, ba ki ji kome ba sai an fara tafiya, a duba taya. Sau da yawa tsakuwa ce ta maƙale, ko ƙusa. In ƙusa ce kada a zare ta sai an je wurin mai faci. Amma in mota tana tsaye ƙarar tana nan, in an taka totur kuma ta ƙara sauri, to, daga inji take.

In haka ne, abin dubawa na farko baƙin mai. Can saman inji akwai waɗansu ƙananan ƙarafa masu buɗe ƙofofin da iska ke shiga hayaƙi ke fita, makanikai suna ce musu tafet. Da yake suna sama, su ne mai ke isa gare su daga ƙarshe, saboda haka in ya ragu su ke fara kuka. A tsai da mota a wuri sosai, ba gangara ba, a kashe ta, a dakata kamar minti 10. Sa'an nan ki zaro sandar awon mai, ki goge da tsumma, ki mayar har ƙarshe, ki sāke zarowa. Akwai alama biyu a jikinta. Lalle mai ya tsaya tsakaninsu. In ya gaza ta ƙasa, a ƙara kafin a motsa, kada kuwa a zarce ta sama.

In mai ya cika, sai ki lura da lokacin da ƙarar ke zuwa. Wadda ake ji da sassafe, musamman da hunturu, ta ɓace cikin minti ɗaya, mai ne ya kwanta da dare bai gama hawa ba. Wadda ake ji bayan an kashe mota kuwa ƙarfe ne ke hucewa, ba kome. Amma in tana da ƙarfi da sanyin inji, ta ragu in ya yi zafi, ga baƙin kunkunniya inda bututun salansa ya haɗu da inji, watau hayaƙi ne ke tsirtowa. Kada a yi wasa da wannan, domin cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, tana kisa. A sauke gilashi, a nufi gareji.

Abu biyu ne ba a jira da su ko kaɗan. In ƙarar ta yi nauyi daga ƙasan inji, kamar ana daka a maƙwabta, ko kuwa jar fitila mai siffar buta ta kama gaban direba ana cikin tafiya, a ratse a kashe inji nan take. Gara a biya kuɗin jan mota da a sayi inji.

Ki kiyaye kuma, in za ki leƙa inji ki tattare gyalenki da kyau, ki kori yara. Fanbel ba ya jin bari, fankar waɗansu motoci ma tana tashi da kanta ko an kashe inji.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. In an je wurin makaniki a faɗa masa yaushe ƙarar ta fara, da sanyi take zuwa ko da zafi, tana bin totur ko ba ta bi. In kuma maigida ya ce kullum haka take, ki ce masa cikin ladabi, "Maigida, mu dai auna mai tukuna."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.