Wellesley: kwalejin mata zalla da ke gwada ra'ayin ɗaliba kafin ta samu wurin zama

Idan aka ce jami'a ta mata zalla, hankalin iyaye da dama a Maraɗi ko Damagaram, da ma ƴan uwansu mazauna Amurka, yakan kwanta, suna ganin wuri ne na riƙo da al'ada. Sai dai a Amurka lamarin ba haka yake ba, kuma kwalejin Wellesley babban misali ce.

Makarantar da ke da tazarar kimanin kilomita 20 yamma da birnin Boston ta buɗe ƙofofinta a 1875. Ɗalibanta sun haura 2,000, kusan dukkansu a cikinta suke kwana. Akasarinsu masu ra'ayin sauyi ne, don haka muhawarar da aka fara a aji takan bi ɗaliba har ɗakin cin abinci, wani lokaci ma ita ke zaɓa mata ƙawaye.

Hillary Clinton ta shigo a 1965 tana ƴar Republican, har ta shugabanci matasan jam'iyyar a makarantar. Yaƙin Vietnam da kisan Martin Luther King a 1968 suna daga cikin abubuwan da suka sauya mata alƙibla. A 1969 ta zama ɗaliba ta farko da ta yi jawabi a bikin yaye ɗalibai, inda ta mayar wa Sanata Edward Brooke martani a gabansa.

A 1990 kuwa, ɗalibai kimanin 150 suka sa hannu kan takardar ƙin gayyatar Barbara Bush, suna cewa albarkacin mijinta aka san ta. Duk da haka ta zo, tare da Raisa Gorbachev. Daga 2015 kwalejin ta fara karɓar waɗanda suka sauya jinsi zuwa mata, batun da ka iya girgiza baƙuwar ɗaliba daga Sahel.

Ɗalibai musulmi suna da ƙungiyarsu, Al-Muslimat, akwai kuma wurin ibada na mabiya addinai daban-daban. Sanya hijabi ko tashi salla ba su ne babban ƙalubale ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da aka tambayi ɗaliba matsayinta kan zubar da ciki ko auren jinsi, ƙawayenta na jiran amsa. Wannan ce jarrabawar da ya kamata mai neman gurbi ta shirya mata tun kafin ta nemi biza.