Jarin da ya yi kama da ba da kiwo

A ƙauye, mace mai 'yan kuɗi kan sayi akuya ta miƙa wa wata kiwo. Ba bashi ba ne. In akuyar ta haihu a raba 'ya'ya, in ta mutu kowa ya rungumi ƙaddara, ba wanda zai kai wani gaban mai gari. Haka masu zuba jarin kasada ke yi da sababbin kamfanoni: su ba matashi kuɗi tun kafin ya fara cin riba, su karɓi kaso na mallakar kamfanin. Shi ya sa tsarin bai yi nisa da musharaka da malamai suka sani ba, tunda riba da asara duk tare ake ɗauka.

Sai dai mai wannan jari awaki goma yake rabawa, ya kuma san yawancinsu ba za su kai labari ba. Akuya mai haihuwar bibbiyu ba ta gabansa. Guda ɗaya yake nema wadda za ta cika garke har ta biya asarar sauran, kuma yana da wa'adi, domin kuɗin na wasu ne, galibi shekara 10 ake ba shi ya mayar musu.

A nan ne ɗan karkara ke shan wuya. Paystack na Legas an kafa shi a 2015, a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan sama da dala miliyan 200. Paystack manhaja ce, ba ta jiran damina. Kamfanin Tomato Jos kuwa, wanda Mira Mehta ta kafa a 2014, sai da ya nemi gona a Kangimi ta jihar Kaduna, ya shawo kan ban ruwa, ya koya wa manoma sabon salon noma, bai fara sayar da tumatirin leda ba sai bayan 2020. Wa zai ce wa tumatir ya yi sauri?

Dokar sababbin kamfanoni da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta kawo rangwamen haraji ga masu zuba jari, madalla. Amma mai jari, kamar mai akuya, ya fi son ba da kiwo inda zai riƙa leƙawa, yawancin masu jarin kuwa ofishinsu na Legas, tafiyar yini guda a mota daga Kangimi.