Fiyano mai kaɗa kansa: Me ya sa sassauta sautinsa ke da wuya?

A zauren baƙi na wasu manyan otal-otal na duniya, akan ga fiyano yana kiɗa alhali babu kowa a kan kujerarsa. Abin yana ƙayatarwa, har sai ƙararsa ta danne tattaunawar da ta tara mutane. A nan ne masu shirya liyafa ke gane cewa rage masa sauti ya wuce murɗa maɓalli irin na rediyo.

Tun a shekarun 1890 wani Ba'amurke, Edwin Votey, ya ƙera na'urar Pianola, wadda kamfanin Aeolian ya yaɗa. Ana adana waƙa ne a naɗin takarda mai hudoji, kuma a 1908 masu ƙera ta suka amince a birnin Buffalo da ma'auni guda mai ɗaukar maɓallai 88. Mutum yakan taka feda biyu masu motsa zugazugi irin na maƙera, sai dai wannan zuƙe iska yake yi maimakon hurawa. Da zarar hudar takarda ta dace da raminta, sai wani ƙaramin zugazugi ya tsuke, guduma ta bugi tsarkiya.

Ke nan ƙarfin sauti ya dogara da ƙarfin zuƙa. Idan kayan sun tsufa, ƙyallen zugazugi da bututun roba sukan fara yoyo, ta yadda sai an taka da ƙarfi kafin waƙa ta fito. Wasu sukan ɗaura injin lantarki mai zuƙa, shi kuwa da ƙarfi ɗaya yake ja, don haka fiyanon ya riƙa kururuwa daga farko har ƙarshe.

Matakin farko shi ne toshe yoyon. Bayan haka ake sa wa injin abin rage gudu, ko bawul mai sassauta zuƙa. Amma akwai iyaka: in aka rage fiye da kima, wasu gudumomin ba za su kai ga tsarkiya ba, waƙar ta fito da giɓi.

Yawancin tsofaffin na'urorin suna da 'yan sanduna ko maɓallai a gaba masu matso da gudumomi kusa da tsarkiya, don bugun ya yi laushi. Haka kuma matsattsen ulun da ke kan guduma yakan taurare da shekaru, sauti ya yi kaifi. Gwani ne ke sassauta shi da allura. Wanda bai ƙware ba zai iya lalata shi. Shimfiɗa darduma, rataya labule mai kauri da rufe murfin fiyanon su ma suna taimakawa.

Na zamani, irin su Disklavier na Yamaha da ya shiga kasuwar Amurka a 1987 da Spirio na Steinway na 2015, da maganaɗisun lantarki suke tura maɓallai, kuma ana iya rage su daga nesa. Duk da haka guduma ce ke bugun tsarkiya, shi ya sa wasu samfuran Disklavier ke tare gudumar gaba ɗaya, su mayar da sautin na'urar kunne.

Ga mai niyyar saye ko haya, gwajin mai sauƙi ne: a sa shi ya kaɗa waƙa a mafi ƙanƙantar sautinsa. In babu bugun da ya ɓace, lafiyarsa ƙalau.