Halayen Kaji: Wanne Ne Abin Dariya, Wanne Ne Alamar Ciwo?

Duk inda masu kiwon kajin gida suka haɗu, ba a rasa raha. Wata za ta ce kazarta ta kwanta a kan albasa uku tana jira su ƙyanƙyashe, maƙwabciyarta ta amsa, "To Yaya, in sun fito ki ajiye mini zakara ɗaya na miya." Wani kuma ya ce tasa ta fara cara, a ce masa ya shirya, ta kusa karɓar maigidanci. Dariyar tana da daɗi, amma kaza ita ce asusun gida. Ita ake kamawa a sayar idan kuɗin makaranta ko na magani ya taso. Saboda haka yana da kyau mu san halin da za a yi wa dariya a wuce, da wanda ke bukatar a tashi tsaye.

Kwanci a kan abin da ba ƙwai ba

Idan lokacin kwanci ya zo, jikin kaza ne ke tilasta mata, ko da ƙwai ko babu. Za ta fige gashin ƙirjinta, ta kumbura, ta sari duk hannun da ya matso, kuma ba ta tashi sai kamar sau ɗaya a rana. Wannan lafiya ce. Maimakon ta ɓata lokaci a kan dutse ko albasa, a sa mata ƙwai 8 zuwa 12, gwargwadon girmanta. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabo kuwa kwana 26 zuwa 28. Mai son haɗa su sai ya fara sa na zabo, bayan mako guda ya ƙara na kaza, don su fito tare. In ba haka ba za ta tashi da 'yan tsakinta ta bar ƙwan zabon ya yi sanyi. A ajiye mata ruwa da tsaba kusa, domin mai kwanci tana ramewa.

Birgima da haɗiyar tsakuwa

Yara kan rugo su ce kaza ta faɗi tana shure-shure. Sau da yawa wanka take yi. Ƙurar da take watsawa cikin gashinta tana rage mata ƙwarkwata da ƙuma. A tanadar musu busasshen wuri, a gauraya yashi da toka. Tsakuwar da suke haɗiya kuma ita ce haƙoransu, da ita ƙundu ke niƙa hatsi. Haka nan buɗe baki da saukar da fukafukai da tsakar rana a watan Afrilu zafi ne kawai, don kaza ba ta gumi. Inuwa da ruwa mai sanyi sun isa.

Kaza mai cara

A wurare da dama ana ɗaukar wannan mugun abu, a yi maza a yanka ta. Bayaninsa a jikinta yake. Mahaifar ƙwai ta gefen hagu kaɗai ke aiki a jikin kaza. Idan ciwo ko tsufa ya lalata ta, sinadarin namiji yakan yi rinjaye, zankonta ya girma, ta daina ƙwai, ta fara cara. Wani lokaci kuma babbar kaza ce ke riƙe garke idan babu zakara. Ba ta jawo wa gida komai. A duba kawai: in tana ƙwai a bar ta, in ta daina a sayar ko a ci.

Mai shan ƙwanta

Nan asara ta fara. Yawanci ƙwai mai laushin ɓawo ne ke fashewa, ta ɗanɗana, ta saba, sauran su koya. Laushin ɓawo yana nuna ƙarancin sinadarin da ke gina ƙashi. A ƙona ƙashi a daka, ko a gasa ɓawon ƙwai a niƙa shi sosai yadda ba za ta gane shi ba, a zuba cikin dusa. A kwashe ƙwai sau biyu a rana, a sa wurin saka ya zama da ɗan duhu da ciyawa mai laushi.

Wanda ba na dariya ba

Idan kaza ta murɗe wuya tana kallon sama, tana juyawa wuri ɗaya kamar mai rawa, kada a tsaya raha. In ga koren zawo, numfashi da ƙyar da fukafukai a ƙasa, alamun cutar Niwukasil ke nan, wadda ta fi ɓarna lokacin hunturu kuma takan share akurki cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin da ake kira I-2, wanda ke jure zafi fiye da sauran. Ana ɗiga shi a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Tunda kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, maƙwabta su haɗa kuɗi su yi rana guda.

A ware marar lafiya nan take, kada a kai ta kasuwa. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi. Sabuwar kaza daga kasuwa ta yi mako biyu ita kaɗai kafin ta shiga garke. Idan kaji suna mutuwa farat ɗaya da yawa, a sanar da malamin dabbobi, kada a fige ko a ci, domin murar tsuntsaye da ta ɓulla a Najeriya a 2006 tana iya kama mutum.

Jama'a, a ci gaba da ba da labarin kaji ana dariya, don ta haka muke koyo da juna. Amma kowace safiya idan an buɗe akurki, a tsaya minti biyar a ga wadda ba ta fito da sauri ba, da wadda ta ƙi tsaba. Ita ce za a fara dubawa.