Asalin Kalmar "Doodle"

Kowane malami ya san yaron da yakan ja 'yan layuka da da'irori a gefen littafinsa ana cikin darasi. Akawu ma yakan yi haka in taro ya yi tsawo. Wannan zane-zane na banza shi Turawan Ingila ke kira "doodle".

Kalmar tsohuwa ce. A ƙarni na 17 ma'anarta wawa, watau dolo, masana kuwa suna danganta ta da Jamusanci. Da wannan ma'ana sojan Ingila suka yi wa mutanen Amurka waƙar ba'a mai suna "Yankee Doodle". A 1936 wani wasan silima na Amurka, "Mr. Deeds Goes to Town", ya yaɗa sabuwar ma'ana, watau zanen da hannu ke yi alhali hankali yana wani wuri.

To, shin mai yin haka wawa ne? A 2009 Malama Jackie Andrade ta Jami'ar Plymouth ta sa mutum 40 su saurari wani saƙon tarho mai gundura, rabinsu suna zane. Masu zanen suka fi sauran tunawa da kashi 29 cikin ɗari. Saboda haka, malam, kafin ka ɗauki bulala, tambayi yaron abin da ka faɗa tukuna.