Amsoshin Wasiƙunku: Tsohon Keken Raleigh, a Yi Masa Fenti Ko a Sayar?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Gwaram, wanda ke fataucin hatsi tsakanin Sara da Birnin Kudu, ya ce ya gaji keken Raleigh wurin mahaifinsa, amma tsatsa ta kama shi, fenti duk ya koɗe. Wani mai gyara ya ce zai fesa masa sabon fenti cikin yini guda. Shin ya bayar, ko ya sayar ya huta?

AMSA: To Malam, Allah ya jiƙan tsoho. Kada ka yi garajen sayarwa, fentin yini gudan nan kuma kada ka yarda da shi.

Shi wannan keke da muke kira Rali, asalinsa birnin Nottingham ne na ƙasar Ingila, an kuma taɓa harhaɗa shi a Kano. Tun shekarar 2002 aka daina ƙera keke a masana'antar ta Nottingham, saboda haka in ka rabu da naka, samun irinsa sai an tona. Dubi goshinsa, in tambarin nan mai kan zalɓe yana nan, ka adana shi.

Amma fa fenti ba ya kashe tsatsa, rufe ta kawai yake yi, ita kuwa ta ci gaba da cin ƙarfe daga ƙasa. Don haka kafin ka kashe ko kwabo, a kwance keken sarai: ƙafafu, sarƙa, feda, sirdi, birki, madigadi da kariya, ya rage firam da fok kaɗai. A wanke da kananzir, a fito da shi haske. Duba mahaɗar bututu ɗaya bayan ɗaya, musamman wuya, da gindi inda feda ke juyawa, da kafaɗar fok. In ka ga tsaga ko da kamar silin gashi ce, ko fenti ya tattare a bayan wuya, alamar keken ya taɓa karo ke nan. Wanda ke ɗora buhun gero ya hau titin da manyan motoci ke bi zuwa Maiduguri, in fok ya karye masa, ba keke kaɗai zai rasa ba. Tsagaggen fok a sake shi. Firam kuwa a kai wa mai waldar gas ya like da tagulla, don da ita aka haɗa shi tun farko. Waldar lantarki takan ƙona bututun, saboda ba shi da kauri.

Wajen kwancewa a kula da abu biyu. Fedar hagu a baibai take kwancewa, masu ƙarfin hannu da yawa sun kashe zare a nan. Sannan Raleigh na Ingila zarensa daban ne a wuya da gindi: zare 26 a inci ɗaya, na akasarin kekuna kuwa 24. Kada yaron shago ya zubar maka da tsofaffin kofunan boris, na kasuwa ba lalle su shiga ba.

In ƙarfe lafiya lau ne, sai kankara, kuma nan aikin yake. A sa samfefa mai kaushi, a bi da mai laushi, har farin ƙarfe ya bayyana duk inda tsatsa ta taɓa. A riƙa jiƙa samfefar da ruwa, a kuma kori yara daga wurin, don tsohon fenti kan ƙunshi dalma, irin gubar da ta hallaka yara a Zamfara a 2010. Lambar da aka buga a jikin firam kada a goge ta, ita ce shaidarka ran da keke ya ɓata.

Da an gama a goge da tina, a shafa jan fentin nan na maganin tsatsa a ranar, kada ƙarfe ya kwana tsirara. Washegari a soma baƙin fentin mai, shafa biyu ko uku marasa kauri, a bar kwana guda tsakaninsu. Burushi mai kyau ya isa, ba dole sai feshi ba. Inda aka yi zare da mazaunin boris a toshe da tsumma. Ranar da buji ya taso ko hadari ya haɗu, a haƙura. A rataye firam ɗin a inuwa inda iska ke shiga, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura, nesa da murhu, don tina ba ta wasa da wuta.

Sai an yi mako guda aƙalla kafin a ɗaura, da sabon boris da giris da robar birki. Kariya kuwa a naɗa mata tsohon tif, don igiyar ɗaurin kaya ce ke fara cinye fenti.

Masu niyyar sayen keke na hannu a kasuwa, ku ma ga taku: in kun ga tsoho yana ƙyalli kamar ango, ku kifa shi, ku sa farce a gindin firam da cikin madigadi. Mai fentin yini guda ba ya kaiwa can.