Yaushe Ya Kamata Direba Ya Sauya Giya A Cikin Gari?

Duk wanda ya saba bin hanyar Mararaba zuwa Nyanya da sassafe ya san yadda mota kan gusa kaɗan ta tsaya, ta sake gusawa ta sake tsayawa. A irin wannan cunkoso, direban mota mai giyar hannu ba ya rabuwa da taka kulochi har ya shiga Abuja. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, yadda direba ke sauya giya ya zama batun aljihu, domin giyar da ba ta dace da gudun mota ba tana shan mai, tana kuma gajiyar da inji.

Masu koyar da tuƙi kan fara da ƙiyasin gudu. Lamba ɗaya ta tashi ce kawai, ana barinta da zarar mota ta kai kimanin kilomita 15 a awa. Lamba biyu tana kaiwa wajen 30, lamba uku kuma daga nan zuwa 45 ko 50. Tunda ƙa'idar hanya ta Najeriya ta taƙaita gudun ƙananan motoci a kilomita 50 a awa cikin gari, yawancin tuƙin gari tsakanin lamba biyu da huɗu yake ƙarewa.

Sai dai wannan ƙiyasi ne kurum. Motar haya da ta cika da fasinjoji da kaya ba za ta sauya giya daidai da wadda direba kaɗai ke ciki ba, haka ma mai hawa tudu a Jos da mai tafiya a shimfiɗaɗɗen titin Maiduguri. Abin dogaro shi ne injin kansa. A motar da ke da agogon juyin inji, lokacin ƙara giya yakan zo ne idan allura ta kai tsakanin 2,000 da 2,500 a injin fetur. Injin dizal kuwa ƙasa da haka kaɗan. Inda babu agogon, kunne ya isa. Idan inji yana ƙara mai ƙarfi amma gudu bai ƙaru ba, giya ta yi masa ƙasa. Idan kuma mota ta fara jijjiga, aka taka totur ta ƙi amsawa, to giyar ta yi sama, sai a rage. Direbobi da dama kan yi saurin kaiwa lamba huɗu da niyyar tsimin mai, alhali injin da ke ja da ƙyar wahala yake sha.

Rage giya ya fi ƙarawa buƙatar natsuwa. Kafin shiga shataletale ko kwana, burki ake fara takawa, sannan a koma lamba biyu tun ba a shiga ba, don kada hannu ya bar sitiyari a tsakiyar juyawa.

Babbar ɓarnar kuwa a cunkoso take faruwa. Wasu kan riƙe kulochi rabi da rabi suna jan mota a hankali, ko su tsayar da ita da shi a kan hawan gadar sama. Wannan gogayya tana ƙona farantin kulochi, kuma warin ƙuna da ake ji a irin wurin alamarsa ce. Gyaransa ba ƙaramin aiki ba ne, tunda sai bakanike ya sauke akwatin giya kafin ya kai gare shi. Ya fi sauƙi direba ya bar tazara tsakaninsa da motar gaba, ya saki kulochi gaba ɗaya, mota ta tafi a lamba ɗaya. Idan tsayuwar ta yi tsawo, kamar a fitilar ba da hannu, sai ya sa firi ya ja burkin hannu.

Akwai kuma al'adar sa mota a firi a gangare wai don tsimi. A motocin zamani hakan ba ya tsimin komai: idan mota na cikin giya aka ɗage ƙafa daga totur, kwamfutar inji kan yanke mai, amma a firi sai inji ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Sannan nauyin tsayar da motar duka ya koma kan burki, wanda kan yi zafi ya rage kamawa idan gangaren ya yi tsawo.